Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Ahmad Aliyu: Kada A Hana Yaro Aiki Da Hoton Waya Ba A Ji Ta Bakinsa Ba

Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,

Ina rubuto maka daga gabashin jiha, ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, a kan wani al'amari da ba ya cikin kasafin kuɗi, ba ya cikin jawabin kowane kwamishina, amma yana ci wa 'ya'yanmu masu neman aiki tuwo a ƙwarya. Na rubuta wannan wasiƙa a fili ne domin waɗanda abin ya shafa su karanta, su kuma ji amsarka idan ta zo.

Ranka ya daɗe, a 'yan shekarun nan wani sabon mai shaida ya shigo harkar ɗaukar ma'aikata. Ba a rantsar da shi, ba a tambayar wanda ya turo shi, wanda kuma ake shaidar a kansa bai ma san an yi ba. Hoton rubutu ne da ake ɗaukowa daga Facebook ko TikTok ko wani zauren WhatsApp, wanda yara ke kira sikirinshot. Yaro ya gama karatunsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko makarantar koyon aikin lafiya ta Gwadabawa. Ya cika fom, ya ci jarrabawa, ya shiga intabiyu. Kafin a liƙa sunaye sai wani ya tura wa wani babba hoton abin da yaron ya rubuta shekara uku ko biyar baya, da 'yar magana a ƙarƙashi: "Ga wanda kuke so ku ba aiki." Tallar neman ma'aikatan ba ta ce za a duba wannan ba, ba kuma za a ba shi takarda a ce ga dalili ba. Sai dai ya ji a teburin mai shayi cewa bakinsa ne ya ja masa.

Ko sau nawa hakan ke faruwa, tsoronsa ya riga ya game gari, kuma tsoron ina ganinsa da idona. Duk sanda aka ji an buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, na jiha ne ko na tarayya, shagunan kwamfuta na Wurno da Achida sukan cika maƙil. Janareta na ruri, ana buga takardar shaidar ƙaramar hukuma, ana rage nauyin hoton fasfo don shafin ya karɓa. A bencin waje kuwa wani aikin ake yi daban. Samari ne kowa ya sunkuya a kan wayarsa, yana ja da babban yatsa, yana komawa baya shekara bayan shekara, yana gogewa. Na zauna kusa da ɗaya daga cikinsu, tsohon ɗalibina ne mai takardar NCE a fannin lissafi, na ga abin da yake sharewa. Ban ga batsa ba, ban ga zagin iyayen kowa ba. Hoton sahun jana'iza ne a wani ƙauye, da rubutun da ya yi yana roƙon a turo sojoji hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, da wani inda ya faɗi kuɗin fansar da dangi suka harhaɗa kafin a sako kawunsa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, yayana yac ce in share, kada a ce ni ɗan adawa na."

Kana mataimakin gwamna a watan Yulin 2018 lokacin da aka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, aka kashe sama da mutum 30, waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi da goyo da tsofaffi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, sama da mutum 40 suka rasa rayukansu. Tsakanin waɗannan biyun, da kuma bayansu, akwai hare-haren da ba su taɓa shiga jarida ba. Ɗan jarida ba ya kwana a ƙauyukanmu. Wayar ɗan ƙauye ita ke fitar da labari, kuma sau da yawa a shafin wani yaro mutanen birni ke fara jin an tashi gari. Mun ɗanɗana zama ba tare da wannan ba lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a watan Satumban 2021, har da Rabah da Goronyo: a yi wa mutum rasuwa da hantsi, 'yan'uwansa na nesa ba su ji ba sai an riga an kai mamacin. Yaran da suka ɗauki wannan nauyin a sanda babu mai ɗauka, yau su ne ke share abin da suka gani don su sami aikin koyarwa a firamare.

Sai kuma abin da ya faru a watan Nuwamban 2024, da aka kama wata yarinya 'yar shekara 18 daga ƙaramar hukumar Wurno bayan wani bidiyo da ta yi a kan halin da 'yan bindiga suka jefa mutanen karkara, aka gurfanar da ita a kotu. 'Yan sanda sun ce tunzura jama'a ta yi. Ƙungiyar Amnesty International ta ce a kan sukar gwamnati aka kama ta. Ba shari'ar na zo yi a nan ba, wannan aikin alƙali ne. Abin da nake so ya kai kunnenka shi ne darasin da sa'o'inta suka ɗauka, cewa duk wanda ya ɗaga murya a intanet an sa masa ido, kuma ƙofar gwamnati ta rufe masa. Mai yiwuwa ba haka kake nufi ba. Amma haka suka fahimta, kuma babu bakin da zai warware musu wannan fahimta sai naka.

Kada a ɗauka ina cewa mai ɗaukar aiki ya rufe idonsa. Wanda zai ba mutum amanar aji mai yara sittin, ko ɗakin haihuwa, ko bindiga a rundunar tsaron al'umma da gwamnatinka ta kafa, yana da hakkin ya san halinsa. Ma'aikacin jinyar da ke ɗora hoton majinyaci a shafinsa don neman masu kallo bai cancanci asibiti ba. Wanda ke yabon 'yan bindiga, ko yake kiran a far wa wata ƙabila, ko yake yi wa yara mata maganar banza a fili, ni kaina ba zan so a kawo shi makarantar da jikokina suke ba. Magana zarar bunu ce, kuma ina faɗa wa ɗalibaina haka tun kafin wayar hannu ta zo. Duniya ma can ta nufa. Wani binciken kamfanin CareerBuilder a Amurka a 2018 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na masu ɗaukar aiki suna leƙa shafukan masu nema. Tun 2019 Amurka ke tambayar mai neman biza sunayen shafukansa na shekara biyar, a 2025 kuma ta ce ɗalibai masu neman biza su buɗe shafukansu yadda jami'anta za su gani. Dubawar ta zo ke nan, ba ta komawa. Abin da ya rage mana shi ne a san wa ke dubawa, me yake nema, kuma me zai faru idan ya yi kuskure.

Kuskuren kuwa a ƙasarmu yana da sauƙi ƙwarai, kuma daga suna yake farawa. Mu Sakkwatawa muna ɗaukar sunan gari mu mai da shi sunan ƙarshe: Shagari, Bafarawa, Wamakko, Tambuwal. Kai kanka da sunan birnin ake kiranka. Sunayen yankanmu kuma ba su da yawa. Ka sa wani ya rubuta Bello ko Abubakar ko Nasiru a Facebook, ya haɗa da Wurno ko Goronyo, ka ga yawan shafukan da za su fito. Da yawansu babu fuskar mai shafin, sai hoton wani malami ko ɗan siyasa ko ɗan ƙwallo. Ɗan kwamitin tantancewa da ke zaune a ofis a Sakkwato, da fayil ɗari biyar a gabansa, ta yaya zai tabbatar cewa Bellon da ya yi zagi shi ne Bellon da ke cikin fayil? A gari ɗaya, a unguwa ɗaya, akwai masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Mu da ke zaune da su da laƙabi muke bambanta su, laƙabi kuwa ba ya cikin fom.

Ko an dace shafin nasa ne, ba lallai hannunsa ne ya yi rubutun ba. Yawancin yaran karkara a shagon kwamfuta aka buɗe musu imel da Facebook, ranar da suka je rajistar JAMB, kuma kalmar sirrin tana rubuce a littafin mai shago, sau tari lambar wayar yaron ce kawai. A gidaje da yawa babbar waya guda ce, tana yawo tsakanin yaya da ƙane da ɗan maƙwabci. Kutse a WhatsApp ya zama ruwan dare, babu zauren da ba a taɓa sanar da cewa an ƙwace lambar wane, kada a tura kuɗi ba. Shi kansa hoton rubutun, yaron da ya iya waya zai ƙera na ƙarya cikin minti kaɗan, da suna da hoto da kwanan wata, yanzu ma har murya ake kwaikwaya da na'ura. Wa kuma ya fi kowa buƙatar a ga wannan hoton? Wanda ke neman gurbin nan ɗaya da yaron ke nema. A wurin da mutum ɗari ke layi a kan kujera guda, ai kowa ya san hassada ba za ta rasa mai aike ba.

Akwai kuma masu ba da bashi ta waya. Yaro ya ranci 'yan dubbai ya yi kuɗin mota zuwa jarrabawa, ya makara da biya kwana biyu, sai a bi duk lambobin da ke wayarsa da saƙo ana kiransa ɓarawo, wani lokaci har da hotonsa. Abin ya kai hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a watan Agustan 2021, hukumar kare hakkin masu saye ta tarayya kuma ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas a watan Maris na 2022. Gwamnatin tarayya ta gane cewa ɓatancin ne laifi. Amma saƙon yana nan a wayoyin mutane, kuma wata rana zai iya faɗawa hannun ɗan kwamiti.

Abin ya fi yi wa mata ciwo. Kowa ya san yadda asibitocin karkara ke ƙishirwar ungozoma da ma'aikaciyar jinya, da yadda mace mai ciki kan gwammace ta haihu a gida da a ce namiji ya duba ta. Yarinyar da ta tsallake duk shingayen da ke gaban ɗiyar talaka a Gandi ko Goronyo har ta kammala makarantar jinya, dukiya ce ta gari duka. Sai saurayin da ta ƙi ya yaɗa hotonta na wajen biki, ko ya haɗa hirar ƙarya da sunanta, ya raba ta da aure ya raba ta da aiki a rana ɗaya. Namiji in an ɓata shi yakan iya zuwa ya tsaya a ƙofar ofis ya yi ta maza. Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta tambayi dalili ba, iyayenta ma za su ce ta yi shiru kada maganar ta ƙara nisa.

Ranka ya daɗe, ga maganar shekaru. Yaranmu suna buɗe shafi tun suna 'yan shekara goma sha huɗu. Wane ne a cikinmu zai yarda a auna shi yau da abin da ya faɗa a dandali yana wannan shekarun? Mu an yi mana sutura ne kawai saboda a zamaninmu iska ke kwashe maganar yaro. A watan Afrilun 2021 an tono tsofaffin karatuttukan Ministan Sadarwa na lokacin, Sheikh Isa Ali Pantami, aka yi ta kiran ya sauka. Ya fito ya ce wasu maganganun ya yi su ne yana matashi, kuma fahimtarsa ta sauya. Fadar shugaban ƙasa ta karɓi bayaninsa, ya ci gaba da aikinsa. Ban kawo wannan don in ci zarafinsa ba. Na kawo shi ne don a ga cewa an saurare shi, an kuma yarda mutum yana girma. Abin da aka yi wa minista shi nake roƙo a yi wa ɗan mai noman albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno. A Turai ma sai da wani mutumin Sifaniya ya kai Google ƙara, saboda duk wanda ya nemi sunansa sai ya ci karo da sanarwar gwanjon gidansa ta 1998 a kan bashin da ya daɗe da warwarewa. A watan Mayun 2014 babbar kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya, ta ce mutum na iya neman a daina jingina sunansa da tsohon labarin da ba ya da sauran amfani.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi zafi, kuma ina roƙon ka yi mini uzuri domin ya shafi 'yan siyasa duka, na kowace jam'iyya. Mafi munin zagin da ke shafukan samarinmu ba su suka ƙirƙire shi don kansu ba. Sojojin baka ne, an ɗauke su aiki a kakar zaɓe, ana saya musu data, ana tura musu abin da za su rubuta daga wani zauren WhatsApp na ubangida. Zaɓe ya wuce, iyayen gidan suka shirya, wannan ya sauya sheƙa aka tarbe shi da kiɗa, wancan ya halarci ɗaurin auren ɗiyar abokin hamayyarsa. Yaron da aka ba dubu biyu ya yi zagin shi aka bari da rubutu a shafi, da sunansa da na garinsu. In gwamnati ta yafe wa wanda ya biya kuɗin zagin har ta ba shi muƙami, da wane ido za ta hana wanda aka aika aikin akawu a sakatariya?

A nan akwai bambancin da ya kamata a tsare. A watan Fabrairun 2021 Gwamna Abdullahi Ganduje na Kano ya sallami mai taimaka masa kan yaɗa labarai, Salihu Tanko Yakasai, bayan ya soki gwamnatin jam'iyyarsu a Twitter a kan matsalar tsaro. Ko mutum ya ji daɗin hakan ko bai ji ba, wannan muƙamin siyasa ne, gwamna ke naɗawa shi ke saukewa. Malamin firamare da ma'aikacin ɗakin magani da malamin gona ba haka suke ba. Albashinsu daga baitulmalin jama'a yake fitowa, za su yi shekara 35 ko fiye suna aiki, gwamnoni da yawa za su zo su wuce su. Idan aka fara tace su da ma'aunin wa ya yabe mu wa ya soke mu, gwamnatin da za ta zo bayanka za ta gaji ma'aunin, ta juya shi kan yaran da ke yabonka yau.

Akwai wasu kuma da matsalarsu ita ce ba a ganinsu sam. Binciken nan na Amurka ya nuna kusan rabin masu ɗaukar aiki ba su cika kiran wanda suka nema a intanet suka rasa ba. In wannan ɗabi'a ta iso mu, ɗan ƙauyen da sai ya hau tudu yake samun sabis, ko wanda aka sace wayarsa ranar da aka kore su daga gida, ya faɗi tun ba a fara ba.

Dokokin da za su tsare wannan duka muna da su. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garinsa ko jinsinsa ko addininsa, ya kuma ambaci ra'ayin siyasa da sunansa. Sashe na 39 ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, na 37 ya tsare masa sirrinsa har da na wayarsa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum damar sanin abin da aka tattara a kansa, da neman a gyara in ƙarya ne. Sai dai mu a Sakkwato ba sai mun jira Abuja ta koya mana wannan ba. Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, ita ce kuma ta hana mu bin sirrin juna. A kotunanmu na shari'a alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi izari, wato ya tambayi wanda ake ƙara ko yana da sauran magana ko suka a kan shaidun da aka kawo, kuma kotun ɗaukaka ƙara takan rushe hukuncin da aka yi babu shi. In sai an yi wa wanda ake tuhuma da satar akuya izari, yaya za a yanke wa yaro hanyar abincinsa ta shekara talatin da biyar a bayan idonsa?

Tarihin Rabah ma ya ishe mu. Sir Ahmadu Bello, haifaffen garin, ya yi hakimcinsa daga 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938 aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, aka yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara, kotu a Zariya ta saurare shi ta wanke shi. Shekara goma sha ɗaya bayan haka ya zama Firimiyan Arewa. Zargin da aka yi masa an yi shi a fili, ya san abin da aka ce, ya san inda zai kai kukansa, shi ya sa ya iya kare kansa. Da a ɓoye aka rubuta a fayil ɗinsa cewa ba shi da amana, aka yi ta tsallake sunansa ba tare da ya san dalili ba, da Arewa ta yi asarar da ba za ta ma san ta yi ba. Ina yawan tunanin yara nawa ne a Rabah ta yau ke ɗauke da irin wannan zargi na ɓoye.

Don haka ga roƙona, kuma ba ya buƙatar kwangila ko kuɗi. Ka sa Shugaban Ma'aikata ya fitar da takardar umarni guda zuwa ga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta jiha, da ta ƙananan hukumomi, da hukumar ilimin bai-ɗaya, da duk wani kwamitin da ke tantance masu neman aiki. Idan za a duba shafukan mutane, a faɗa a cikin tallar aikin tun farko, da Hausa da Turanci, a kuma faɗi abin da ake nema: barazana, da goyon bayan ta'addanci, da cin zarafin yara ko mata, da tona asirin majinyata, da zamba. A rubuta ƙarara cewa kukan rashin tsaro, ko sukar gwamnati, ko goyon bayan wata jam'iyya, ba ya cikin wannan. Abin da mutum ya wallafa a fili kaɗai za a duba. Kada a ce ya miƙa wayarsa ko kalmar sirrinsa, abin da jihar Maryland ta Amurka ta haramta wa masu ɗaukar aiki tun 2012. A yafe abin da aka rubuta kafin shekara 18, a kuma sa iyakar shekarun da za a waiwaya.

Mafi muhimmanci a wurina shi ne wannan: hoton da ya zo babu sunan wanda ya kawo shi, kada ya shiga fayil. Wanda ya zo da suna, a kira yaron a ajiye masa shi a gabansa, a tambaye shi, shafinka ne, kai ka rubuta, yaushe, me kake nufi. A rubuta amsarsa. In an ga duk da haka bai cancanta ba, a ba shi dalilin a takarda mai sa hannu, a nuna masa inda zai ɗaukaka kuka. Wurin ɗaukaka kukan kuma kada ya tsaya a birnin Sakkwato kaɗai. Ka san halin hanyoyinmu, ka san kuɗin mota, ka san uwar da ba ta runtsawa in ɗanta ya kama hanya. A riƙa zama a Wurno ko Goronyo a ranakun da aka sanar.

Na san 'yan kwamiti za su ce wannan zai ja lokaci. Zai ja. Amma kaɗan ne daga masu nema abin zai shafa, kuma da zarar masu tura hoto sun san za a tambayi sunansu, rabinsu za su janye hannu. Jami'in kirki ma zai sami abin da zai kare kansa da shi ranar da wani babba ya kira shi ya ce a cire sunan wane, domin zai iya cewa, ranka ya daɗe, ga takardar gwamna.

Mu ma malamai da iyaye da limamai muna da namu aikin, kuma muna yi. Muna gaya wa yara su riƙe kalmar sirrinsu da kansu, su daina ba da aron suna, su faɗi gaskiya ba tare da ashar ba, su ƙi kuɗin datar da za a saye bakinsu da shi. Abin da ba za mu iya gaya musu da yawunmu ba shi ne cewa faɗin gaskiyar ba zai hana su aiki ba, domin ba mu ke ɗauka ba. Wannan kai za ka faɗa. Ina roƙonka ka shiga gidan Rediyon Rima ka faɗe shi da Hausa, yadda za a ji a Gandi da Achida da ƙauyukan bakin dam ɗin Goronyo, kafin a sake buɗe shafin ɗaukar ma'aikata na gaba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya.

Wassalam,
Naka mai fatan alheri,
Wani tsohon malamin makaranta daga ƙasar Wurno.